Baƙar Motar da Zuhair Ya Zaɓa

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Yalwawa da ke cikin garin Dutse, ana ce masa Alhaji Ɗayyabu. Riɗi yake saye a ƙauyuka ya tara a sito, idan ya yi daraja ya loda a manyan motoci a kai Kano. Mutum ne mai fara'a da kyauta, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Rauninsa ɗaya ne, kuma duk unguwa ta san shi: ba ya iya ce wa ɗansa Zuhair a'a.

Zuhair shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yan Alhaji. Yana da ƙoƙari a makaranta, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza. Sai dai ya taso da jin cewa duk abin da ya nuna da yatsa ya zama nasa.

Tun yana sakandare mahaifinsa ya yi masa alkawari. Idan ya gama da sakamako mai kyau, ya cika shekara goma sha takwas, ya samu lasisin tuƙi, to zai saya masa mota.

Zuhair ya cika nasa. Ranar da lasisin ya fito, tun daga ƙofar gida yake ɗaga shi sama yana kiran ƙannensa su zo su gani.

Shi ma Alhaji ya tashi cika nasa. Ya je wajen wani abokinsa mai sayar da motoci, ya zaɓo wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka. Ba sabuwa ba ce, amma lafiyarta ƙalau. Injinta ƙarami ne, birkinta na ci, tayoyinta sababbi, kowace kujera da bel ɗinta. Aka kawo ta ƙofar gida don yaro ya gani kafin a ƙulla ciniki.

Zuhair ya fito da gudu, ya ja ya tsaya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ko taɓa ta bai yi ba.

"Abba, wannan ai motar kai yara makaranta ce."

"Motar koyo ce," in ji Alhaji. "Ka riƙe ta hannunka ya faɗa, ka san hanya. Idan Allah ya kai mu gaba sai a canza maka."

"Wallahi idan na shiga jami'a da wannan, dariya za a yi mini har in gama. Gara in ci gaba da hawa adaidaita."

Ya juya ya shige gida. Aka mayar da mota inda aka ɗauko ta.

Daga ranar Zuhair ya daina zama cin abinci da mahaifinsa. Zai gaishe shi da safe, murya can ƙasa, ya koma ɗaki. Alhaji kuwa ba abin da ya tsana kamar ya ga fuskar yaron nan a ɗaure. Ko a sito yake, hankalinsa na gida.

Ana nan sai wata rana Zuhair ya shigo falo da wayarsa a hannu, fuska a sake. Ya durƙusa kusa da mahaifinsa ya nuna masa hoto. Wata baƙar mota ce, doguwa, ta kwanta ƙasa-ƙasa, gilasanta masu duhu. Irin motar nan da idan ta wuce sai samari sun bi ta da kallo.

"A Jahun take, Abba. Mai ita ya ce kusan sabuwa ce. Kuma dubi yadda ya karyar da ita, da kaɗan ta fi waccan ƙaramar."

Mahaifiyarsa, Hajiya Sa'adiya, tana gefe tana gyaran zogale. Ta ɗago kai.

"Alhaji, yaron nan jiya-jiya ya koyi mota. Shekaranjiya da ka ba shi taka ya shigo da ita, randar ƙofar gida ya fasa. Wannan abin da nake gani a hoto ba na ɗan koyo ba ne."

"Umma, ai ribas ne kawai ya ba ni matsala."

"Kuma ni wannan arahar ba ta kwanta mini ba," in ji ta. "Me zai sa mutum ya karyar da mota irin wannan?"

Alhaji ya dubi matarsa, ya dubi ɗansa da ya zuba masa ido. Ya ce, "Zuwa gani ai ba saye ba ne. Gobe ma je mu dubo."

Hajiya ta mayar da kanta kan zogalenta.

Washegari da hantsi suka kama hanya a motar Alhaji. Ƙarshen damina ne, gero ya yi tsayi ya fi mutum, ya rufe hanya dama da hagu. Suka wuce Kiyawa, suka shiga Jahun ranar kasuwa, gari cike da motocin haya da masu awaki.

Gidan da aka kwatanta musu yana can bayan gari. Wani dattijo siriri mai furfura ya fito ya tarbe su. Sunansa Malam Misbahu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Ya kai su gindin wata bishiyar darbejiya a gefen gida, inda aka lulluɓe wani abu da tamfol. Ganye ya taru a kai, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin tamfol ɗin da ƙasa.

Malam Misbahu ya kama gefe ɗaya ya yaye. Bai dubi motar ba. Bango ya juya yana kallo.

Ta fi yadda take a hoto kyau. Zuhair ya shafa jikinta, ya leƙa ciki, ya buɗe ƙofa ya shaƙi ƙamshin kujerun fata. Dariya yake yi shi kaɗai.

"Abba, ka gani? Ka gani ko?"

A nan ne dattijon ya juyo. Ya daɗe yana kallon Zuhair, sannan ya ce, "Alhaji, wa zai riƙa tuƙa ta?"

"Ɗana ne. Bai daɗe da karɓar lasisi ba, ita ce za ta zama motarsa ta farko."

Fuskar Malam Misbahu ta canza. Ya sunkuya ya ɗauki tamfol ɗin kamar zai mayar, sai kuma ya sake shi.

"Ku zo ku gaisa da mai motar tukuna. Ba tawa ba ce."

Ya shige gaba suka bi shi cikin gida, har wani ɗaki a ƙurya. An toshe tagar ɗakin da bargo, rana tsaka amma ciki duhu. Sai da idonsu ya saba sannan suka ga wani saurayi zaune a kan tabarma, ya jingina da bango. Bai fi Zuhair da shekara biyu ba. Ba rauni a jikinsa ko ɗaya. Amma ya rame, idanunsa sun faɗa, gashin kansa ya cukurkuɗe.

"Talha," in ji dattijon a hankali, "baƙi ne daga Dutse. Sun zo ganin motar."

Saurayin ya amsa sallama ba tare da ya ɗago ba. Zuhair ya lura da wani abu: ƙafar Talha ta dama tana danna tabarma, ta saki, ta sake dannawa. A daidai wurin tabarmar ta cinye har siminti ya fito.

Malam Misbahu ya zauna a bakin ƙofa ya fara magana.

"Shekara biyu ke nan. Shi ma lasisi ya karɓa, ni ma alkawari na yi masa. Da aka biya ni haƙƙina na ritaya, na ce ɗana ba zai hau abin da za a raina shi ba. Mahaifiyarsa ta hana, na ce mata ba ta san zamani ba. Ni da kaina na je Kano na zaɓo ta."

Ya goge fuskarsa da tafin hannu.

"Bai yi wata da ita ba. Wata safiya ya tafi Garki gaida kawunsa. A wani ƙauye a kan hanya, wata yarinya ta fito za ta tsallaka titi. An aike ta kai niƙa."

"Mahbuba."

Talha ne ya faɗa. Muryarsa a dushe, kamar wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ya ɗago kai a karon farko, kuma Zuhair ya kalla, ba Alhaji ba.

"Sunanta Mahbuba. Shekararta bakwai. Kai ne za ka tuƙa?"

Zuhair ya gyaɗa kai.

"Ba ta da ƙara," in ji Talha. "Matsalarta ke nan. Kana ciki kamar kana zaune a falo, ga sanyi, ga kiɗa. Ba za ka san gudu kake ba sai lokacin da kake son tsayawa. Na ga yarinyar tun daga nesa. Wallahi na gan ta. Na taka birki, na taka, na taka. Motar ta ci gaba da tafiya."

Ƙafarsa ta danna tabarma.

"Dawar da ke kwanonta ta watse a titi. Kafin mutane su iso, kaji sun zo suna ci. Ita tana kwance, su suna ci. Ni kuma ina zaune a ciki, na kasa buɗe ƙofa."

Can waje ana jin hayaniyar 'yan kasuwa sama-sama.

"An yi duk abin da hukuma ta ce a yi," in ji Malam Misbahu. "Iyayenta kuma suka ce sun yafe. Mahaifinta ya riƙe hannun yaron nan ya ce masa kwananta ne ya ƙare, ya je Allah ya ba shi haƙuri. Na zaci hakan zai sanyaya masa. Tun ranar bai sake fita ƙofar gida ba. Ya bar makaranta. Idan ya ji muryar yara mata suna wasa a waje, sai ya toshe kunne. Mun yi addu'a, mun je wajen likita, muna nan muna yi. Likitan ne ya ce in kawar da motar daga gidan, ko hakan zai taimaka."

Suka yi masa addu'a suka fito. Alhaji har ya fara laluben makullin motarsa a aljihu. Amma da suka dawo gindin darbejiya, rana ta haska jikin baƙar motar, sai Zuhair ya matso kusa da mahaifinsa.

"Abba, abin tausayi ne, amma ai ƙaddara ce. Ko keke yake tuƙawa, idan kwananta ya ƙare sai ta rasu. Ni makarantar koyon tuƙi na je. Ba zan yi irin gudunsa ba."

Ashe Malam Misbahu yana bayansu.

"Ɗana, ƙaddara gaskiya ce, ban musa ba. Amma ni na je Kano da ƙafata na zaɓo, ba wanda ya tilasta ni." Ya juya wajen Alhaji. "Ka yi haƙuri, Alhaji. Idan wannan yaron za ka ba, ba zan sayar maka ba."

Maganar ta soki Alhaji Ɗayyabu. Mutum ne da ya saba idan ya taya abu a ce masa ya saya. Yau ga wani dattijo a gidan da fentinsa ya kokkoɗe yana hana shi ciniki, kuma a gaban ɗansa. Tausayin da ya ji a ɗaki ya fara ja da baya.

"Malam, ni zan riƙa hawa," in ji shi. "Yaro sai ya ƙware tukuna."

Yana faɗa ya san ba haka ba ne a zuciyarsa.

Malam Misbahu ya dube shi cikin ido. "Ka ba ni amana?"

"Na ba ka. Kawo makulli in ɗan gwada ta."

Dattijon ya shiga gida ya fito da makulli, ya sa a hannun Alhaji. Batirinta ya mutu, sai aka ɗauko na motar Alhaji aka tayar da ita. Alhaji ya shiga mazaunin direba, Zuhair a gefensa, suka fita bayan gari.

Titi ya miƙe fetal, ba kowa sai gero a tsaye dama da hagu. Motar tana tafiya kamar a kan ruwa. Ba su yi nisa ba Zuhair ya fara roƙo.

"Abba, don Allah. Daga nan zuwa waccan kukar kawai. Ba kowa a hanya. Kana gefena fa."

"Na yi wa mutumin nan alkawari."

"Ai ba zai gani ba. Don Allah, Abba. Sau ɗaya."

Alhaji ya dubi titi, ya dubi fuskar ɗansa. Ya gangara gefe ya tsaya. Suka yi musanyar wuri.

Da farko Zuhair a hankali ya tafi, hannu biyu a kan sitiyari, kamar yadda aka koya masa. Sai ya ɗan taɓa totur, motar ta amsa nan take, bayansa ya manne da kujera. Wani daɗi ya ratsa shi. Ya ƙara taɓawa. Suka wuce kukar bai tsaya ba. A ciki ba ƙara, ba girgiza, sai sanyi. Gero ne kawai ya koma kamar kore ɗaya a miƙe.

Alhaji ya kai ido kan allurar gudu, ya daka tsawa.

"Zuhair, rage! Rage!"

A daidai lokacin wata tsohuwa ta ɓullo daga wata 'yar hanya a cikin gero, da ƙwarya a ka, ta sa ƙafa a kan kwalta.

Zuhair ya taka birki da duk ƙarfinsa. Tayoyi suka yi ƙara, motar ta ja gefe, amma ba ta tsaya ba. Ya ga matar ta juyo. Ya ga bakinta ya buɗe. Sai wani sauti mai nauyi, sannan gilashin gaba ya koma fari fat.

Motar ta tsaya can gaba, rabinta a cikin gona.

Nono ne. Yana gangarowa a kan gilashi a hankali, ba a ganin komai ta cikinsa.

Alhaji ya ɓalle ƙofa ya fita yana salati. Zuhair ya so ya bi shi, hannunsa ya ƙi sakin sitiyari. Ya ji ƙafarsa har yanzu tana kan birki, ta danne shi, alhali motar ta daɗe da tsayawa. Ta madubi ya hango shuɗin zane a kwance a bakin titi, da ɓarin ƙwarya, da ludayi yana ta juyawa a kan kwalta shi kaɗai. Zanen ba ya motsi.

"Zuhair! Fito ka kama mini! Tana numfashi!"

Bai san yadda ya fita ba. Manoma suka fito daga gonaki da gudu, aka ɗauki tsohuwar aka kwantar a kujerar baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Zuhair ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa, Alhaji ya goge gilashi da hularsa, ya juya mota suka nufi asibitin Jahun. Duk tsawon hanyar idonta a rufe, tana wani nishi siriri. Shi kuma ba abin da yake cewa sai, "Inna, kada ki tafi. Don Allah kada ki tafi."

Sunanta Inna Huseina. Daga wata ruga take a bayan gonakin nan, za ta kai nono kasuwa kamar yadda ta saba tun tana budurwa. Likitoci suka daɗe a kanta. Da la'asar ɗaya ya fito ya ce ranta ya tsira, amma ƙashin ƙugunta ya karye, cinya ma ta karye, kuma a shekarunta ba lallai ƙafar ta koma daidai ba.

Ɗanta Isah ya iso daga kiwo, da sandarsa a hannu, ƙafafunsa duk taɓo. Aka nuna masa Zuhair. Ya tsaya a gabansa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ya juya ya shiga wajen mahaifiyarsa. Zuhair ya ji da ma dukansa ya yi.

Bayan sun je an rubuta bayani wajen hukuma, sai ya rage a mayar da mota. Wannan tafiyar ta fi kowace nauyi ga Alhaji.

Malam Misbahu yana tsaye a gindin darbejiya, labari ya riga su isowa. Ya dubi gaban motar da ya lotsa, da busasshen nono a jikin gilashi. Alhaji ya miƙa masa makulli, kansa a ƙasa.

"Malam, na ci amanarka. Ba ni da abin cewa."

"Ni ma haka na tsaya a gaban wani," in ji dattijon. "Na san yadda kake ji. Allah ya ba ta lafiya." Ya juya wajen Zuhair. "Talha yana kiran ka. Ya ji shigowar motar."

Zuhair ya shiga ɗakin mai duhu shi kaɗai. Wannan karon Talha a tsaye yake, ya dafa bango. Ya dubi jinin da ke rigar Zuhair.

"Ta tashi?"

"Ta tashi. Karaya ce. Likita ya ce za ta rayu."

Talha ya sulale ƙasa ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Kuka yake yi, irin na ƙaramin yaro, kafaɗunsa suna girgiza. "Alhamdulillahi," yake ta maimaitawa. "Taka ta tashi. Taka ta tashi." Zuhair ya zauna kusa da shi a kan tabarma, shi ma ya fashe. A bakin ƙofa Malam Misbahu ya ce wa Alhaji rabon da ya ji kukan ɗansa tun ranar da aka binne Mahbuba.

Ba a sake sa motar a kasuwa ba. Malam Misbahu ya kira masu sayar da kayan gyara, suka zo suka kwance ta gunduwa-gunduwa suka kwashe.

Da suka koma Dutse, Hajiya Sa'adiya ba ta ce ai na faɗa ba. Ta karɓi rigar ɗanta ta jiƙa, ta dafa abincin da za a kai asibiti da safe. Alhaji ya ɗauki nauyin jinya gaba ɗaya. Kullum sai sun je Jahun, shi ke tuƙi, Zuhair a gefe ya zuba wa titi ido.

Sai da aka kwana biyu Inna Huseina ta samu ƙarfin magana. Ta ce a kira mata wanda ya buge ta. Zuhair ya shigo ya durƙusa a gaban gadonta. Ta daɗe tana kallon sa.

"Kai ne? Ashe ma yaro ne."

"Ni ne, Inna. Ki yafe mini."

"Na yafe, ɗan nan. Isah ma zai huce." Ta numfasa. "Amma abu ɗaya nake ta tunani a kwancen nan. Ina za ka da wannan saurin? Wani ne ba lafiya? Ko gobara ake yi a gidanku?"

Zuhair ya nemi amsa ko'ina a kansa.

"Babu ko'ina, Inna. Ba inda za ni."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, ta juya fuskarta wajen bango.

Watanni suka wuce Zuhair bai taɓa sitiyari ba. Ko a gefe yake zaune, idan ya ga mutum a bakin titi sai ya dafe gaban mota. Idan aka kawo fura da nono gida, tashi yake ya bar wurin.

Ranar da aka sallami Inna Huseina, likita ya ce sai an riƙa dawo da ita ana duba ƙafar, kuma ba za ta iya hawa babur ba. Da suka dawo gida, Zuhair ya samu mahaifinsa.

"Abba, ƙaramar motar nan ruwan toka, tana nan?"

Alhaji ya kira abokinsa. Tana nan, ba wanda ya saya.

Da ita Zuhair ya koma tuƙi. Sai da mahaifinsa ya yi makonni yana zama a gefensa kafin ya bar shi ya fita shi kaɗai. Aikin farko da motar ta yi shi ne ɗauko Inna daga ruga zuwa asibiti, kuma ta ci gaba da yin sa. Idan sun fito daga wajen likita, Zuhair yakan biya ta gidan Malam Misbahu. Talha ya fara fitowa tsakar gida. An ce ranar nan har zaure ya zo ya zauna.

A jami'a an yi dariyar da Zuhair ya ji tsoro. Abokansa sun sa wa motar suna, sukan wuce shi a hanya suna danna masa hon. Ko a jikinsa.

Ƙafar Inna Huseina kuwa ba ta koma daidai ba. Da sanda take tafiya, kuma ba ta iya ɗaukar komai a ka.

Wata safiyar ranar kasuwa Zuhair ya isa ruga da wuri don ya ɗauke ta. Ya tarar matan rugar sun jeru za su tafi, kowace da ƙwaryarta fara tas a ka, suna hira suna dariya. Inna tana zaune a kan turmi a gindin wata ƙirya, sandarta a gefe. Suna wucewa suna yi mata sallama, tana ɗaga musu hannu. Ta bi su da ido har suka shige cikin gonaki, muryoyinsu suka ɓace. Ba ta sauke hannun ba sai can.

Ba ta ga isowarsa ba. Zuhair ya kashe mota, ya zauna a ciki yana kallon ta, ya daɗe kafin ya iya buɗe ƙofa.

Darasi: Iyaye, motar farko ta yaro ba ta nuna arziki ba ce, ta koyo ce. Ku zaɓa masa daidai da ƙwarewarsa, ba daidai da burinsa ba, kuma ku iya cewa a'a ko da zai ɗaure muku fuska, domin fushin yaro yana wucewa amma ran da aka ɗauka ba ya dawowa. Matasa, lasisi izini ne, ba ƙwarewa ba, kuma wanda zai biya kuɗin gaggawarku sau da yawa bai ma san ku ba. Ko an yafe muku, abin da ya karye ya riga ya karye. Ku tura wannan labari ga duk uban da ke shirin saya wa ɗansa mota, da duk matashin da ya fara riƙe makulli. Allah ya tsare mu, ya tsare mutane daga hannunmu.